Ƙaramin jirgin Dakota na haɗawa da hannu: abin da na gani cikin mako shida

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa ne ya kawo mini kwalin nan tsaraba, domin ya san tun ina yaro ba ni da abin kallo da ya wuce jirgin sama. A cikinsa akwai samfurin jirgin soja na C-47, wanda sojojin Ingila suka raɗa wa suna Dakota, an yi shi da roba gunduwa-gunduwa, an rage girmansa sau 72, sai mai shi ya zauna ya haɗa da hannunsa, ya shafa masa fenti. Mako shida na yi ina fama da nawa a zauren gidana da ke Birni, kuma ra'ayina shi ne jirgin ya cancanci wahalar, amma gam da fentin da aka haɗo shi da su ba a yi su domin iskar Damagaram ba.

Gutsattsarin sun haura ɗari, wasunsu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sai da hantsaki ake ɗaukar su. Faɗin fukafukan jirgin gaske mita 29 ne, tsawonsa kuwa ya ɗan ɗara mita 19, saboda haka wanda ke kan teburina ya kai santimita 40 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike. Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar aikin. Injinan nan biyu na Pratt & Whitney, masu silinda 14 da ƙarfin doki 1,200 kowanne, an fito da su sahu biyu a kewaye kamar yadda suke, kuma babbar ƙofar kaya tana gefen hagu, inda sojojin laima suke dira. Har wuraren da aka lulluɓe da ƙyalle maimakon alminiyam, wato sassan da ke motsi a wutsiya da bayan fukafukai, yatsa yana jin bambancinsu. Ban san cewa jirgi mai ɗaukar sojoji kusan talatin yana juyawa da ƙyalle ba sai da na riƙe gutsuren a hannuna.

A nan ne na fara gane masu sha'awar farfaɗo da tsofaffin jiragen yaƙi. An ƙera C-47 sama da dubu goma, sun zuba sojoji a Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi jigilar abinci da gawayi zuwa Barlin ta Jamus a 1948, rundunar sojan saman Nijar ma ta yi aiki da irinsu bayan samun ƴancin kai. Wanda ya ja gaban ayarin Normandi, mai suna That's All, Brother, ya ƙare a wani filin ajiye jirage a Oshkosh ta Amurka, har ƙungiyar Commemorative Air Force, mai farfaɗo da tsofaffin jiragen yaƙi, ta saye shi a 2015, ta bi shi ciki da waje tana cire ruɓaɓɓen ƙarfe, ya sake tashi a 2018, ya kuma ƙetare tekun Atlantika zuwa Faransa a 2019. Ni da na ɓata yini biyu wajen daidaita fiffike guda na roba, na daina mamakin shekarun da su suke ɗauka.

Sai dai aibin ba ƙarami ba ne. Na fara aikin cikin hunturu, fentin ruwan da ke cikin kwalin kuwa yana bushewa a bakin burushi kafin ya isa jikin jirgin, sai ya bar sawu kamar an ja tsintsiya. Dole na koma yin shafe bayan sallar asuba, ina sirka shi da ɗigon ruwa, ina kife jirgin da babban kwano saboda ƙura. Gam ɗin ya daskare a mako na biyu; wanda na saya a Kasuwar Dole kuma ya fi ƙarfin aikin, ya bar farin tabo a gilashin gaban matuƙi wanda sanfefa ba ta iya fitarwa ba. Takardun tambari da ake jiƙawa a manna, biyu sun yage. Ɓarin jiki biyu na jirgin ma ba su haɗu lif a ƙasan ciki ba, sai da na cike ɓarakar na goge.

Ratsin fari uku da baƙi biyu na kowane fiffike sun fito mini a karkace, abin ya dame ni, har na tuna cewa na gaskiyar ma cikin gaggawa aka shafa su da burushi gab da ranar harin Normandi, don kada jiragen ƙawance su harbi juna. Na bar nawa haka nan.

Wani maƙwabcina, tsohon soja mai ritaya, ya shigo zauren ya tsaya ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Malam, ai wannan Dakota ne, ƙararsa kaɗai ta isa a san shi." Jikana kuwa tambayarsa ɗaya ce: "Baba tsoho, yaushe zai tashi?" Ba zai tashi ba, kuma ya kamata duk mai niyyar sayen irinsa ya san haka, domin ba abin wasan yara ba ne, farfela ɗaya ta riga ta karye a hannun yaron nan, na sake manna ta. Wanda za a yo wa saƙonsa daga waje ya ce a haɗo masa da ƙarin gam na roba da burushi mai laushi, ya kuma jinkirta shafa fenti har damina ta sauka, ƙura ta kwanta.