Filastar rufe ido ga yara masu harara-garke: tana aiki, amma gumin Kano na ba ta wahala

Iri biyu ake samu: wadda ake liƙawa a fata, da ta yadi wadda ake zura wa gilashin tabarau. Bayan watanni ana amfani da kowacce, ta liƙawar na fi yarda da ita, duk da ta fi cin kuɗi, tunda kullum sai an ɓare sabuwa.

Iyaye da yawa na saye da zaton za ta miƙar da ido. Ba aikinta ba ne. Idan ido ɗaya ya karkace, ƙwaƙwalwar yaro kan yi watsi da hoton da yake kawowa don kada ya riƙa ganin abu bibbiyu, sai ganin wannan idon ya yi rauni. Saboda haka lafiyayyen idon ake rufewa, a tilasta wa mai raunin ya yi aiki. Ita kuwa karkatar, tabarau ne ke gyara ta a wasu yaran, wasu sai an yi musu tiyatar tsokokin da ke juya ido, guda 6 a kowane ido. Kafin a fara sa filastar, sai an ɗiga magani an auna idon a asibiti, kamar na Malam Aminu Kano ko asibitin ido na ECWA. In an rubuta tabarau, yawanci shi ake fara sawa na wasu watanni. Likita ke yanke awannin rufe ido: galibi awa 2 a rana ga matsakaicin rauni, awa 6 ga mai tsanani. An fi cin nasara kafin shekara 7.

A wanke fuska, a tsane ta sosai, kada a shafa basilin ko man kaɗanya a wurin. Yaro ya rufe ido ba tare da ya runtse ba, a liƙa filastar, siririn ɓangarenta ya dubi hanci, a danna gefe-gefe, sannan a ɗora tabarau a kai. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maki 40, gumi na ɗaga gam ɗin ta wajen hanci, kuma ta nan yaro ke leƙe yana kallo da lafiyayyen idon, uwa na ganin an rufe. Gara a liƙa da sassafe, a ba shi rubutu, zane ko zura duwatsun wuya. Da hunturu fata ce ke tsagewa. A jiƙa filastar da ruwan ɗumi kafin a cire, a bi a hankali daga hanci zuwa kunne, mai kuma sai bayan an cire.

Ta yadin ana wankewa a sake sawa, ba ta sa ƙaiƙayi, amma da tabarau ya zame ƙasa, yaro ta sama zai kalle ka. Sai ga babban yaro mai jin magana.

Kada a ƙara awanni don gaggawa, don idon da ake rufewa ma na iya raunana, kuma kada a tsallake ranar komawa awo. Yaron da ya ƙi filasta sam, likita na iya ba shi maganin ɗigawa na atropine kashi 1 cikin 100, wanda ke dusashe ganin kusa a lafiyayyen idon. Maganin yana buɗe ƙwayar ido, hasken rana ya riƙa kashe masa ido, don haka a tanadi hula mai baki.