Na je a cire mini haƙori, na dawo da abina

Wata uku ina fama da turmin haƙorina na ƙasa, ɓangaren hagu. Da na kurɓi ruwan sanyi sai ya tsira mini kamar allura. Na tauna kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, wani maƙwabcinmu a Unguwar Dosa, nan Kaduna, ma cewa ya yi in ɗiga ruwan batir, Allah Ya tsare ban bi tasa ba. Ranar da na kasa tauna tsire a wajen biki na haƙura, na nufi wani asibitin haƙori mai zaman kansa a Unguwar Rimi, da niyyar a cire shi in huta.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne jira. An ce in zo ƙarfe 9, ban shiga wajen likita ba sai wajen 11, kuma babu wanda ya leƙo ya ce mana sannu. Kuɗin ma kashi-kashi aka riƙa faɗa mini: na kati daban, na hoto daban, na wankin haƙora daban. Duk mai zuwa ya nemi lissafi tun daga teburin farko, in yana da inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya (NHIA) ko ta jihar Kaduna (KADCHMA) ya tambaya ko suna karɓa.

Kafin a taɓa bakina sai da aka auna jinina, aka jero tambayoyi: hawan jini, ciwon suga, ko ina shan maganin tsinka jini, ko akwai maganin da jikina ba ya karɓa. Ban riƙe sunan ƙwayar hawan jinina ba, sai da na kira uwargida ta karanto mini daga jikin kwali. Ku tafi da magungunanku a aljihu.

Likitan ya yage ledar kayan aikinsa a gabana, abin da ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Ya kwantar da kujera, ya haska fitila, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ɗan madubi da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa, yana faɗa mataimakiyarsa na rubutawa. Ya ce cikakken baligi haƙora 32 gare shi, nawa 30, domin na can ƙurya guda biyu ba su fito ba. Sai ya tambaye ni: "Malam, ciwon yana tashin ka da dare, ko da sanyin ya wuce yake lafawa?" Na ce lafawa yake yi. Aka sa na ciji wani ɗan faifai, aka ɗauki hoto, ya juyo mini da kwamfuta ya nuna wata baƙar inuwa da ta tsaya kafin jijiya. "Wannan cikewa za a yi, ba cirewa ba."

Na tambaye shi tsutsar haƙori da muka taso muna ji. Ya ce babu tsutsa, ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cin haƙori. Nan na tuna shayina na safe da na dare, cokali uku-uku. Bai hana ni aswaki ba, ya dai ce in haɗa da buroshi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, sau biyu a rana, musamman kafin barci.

A ranar, wankin haƙora kawai aka yi. Injin yana ƙara, dasashina ya yi jini, amma dattin da ya daskare da jan goron shekaru suka fita, har harshena ya riƙa jin tsakanin haƙora. Bayan mako guda na koma aka yi allurar kashe wuri aka cike ramin, leɓena ya yi nauyi na kusan awa uku.

Sun ba ni wata shida in koma a duba, kuma zan koma can ɗin, sai dai a ranar da ba ni da wani uzuri da safe. Jiya da azahar na sha kunun aya mai ƙanƙara a Kawo, ta ɓangaren hagun.