Sharhi kan kit ɗin haɗa inji da na yi oda: kaya ba laifi, amma sarkar taimin ta ci min kwana tara

Na yi alkawarin sai na tayar da injin nan na ji kukansa da kunnena sannan zan rubuta sharhi, to jiya ya tashi, don haka ga shi. Injin 22R ne na tsohuwar Hilux, lita 2.4, silinda huɗu, na sauke shi saboda shan baƙin mai da hayaƙi. Kit ɗin da na yi oda ta intanet cikakke ne, fistin da ringi da metal da gaskit da sarkar taimin da famfon mai duk a kwali ɗaya, kuma a tallar an rubuta wai yana shiga kowane 22R daga 1981 har 1995. Wannan maganar ita ce ta jawo min wahala, zan zo kanta.

Fistin dai ba ni da ƙorafi. Ramin silinda na asali milimita 92 ne, an yi min borin zuwa 92.5, na nemi mai ƙarin 0.50 kuma shi aka turo. Gaskit ma ramukansa sun hau daidai.

Ringi ne ya fara ɗaga min hankali. Na sa na sama cikin silinda, na tura shi da kan fistin ya zauna sosai, na zura filageji, wato siririn ƙarfen auna tazara, a bakinsa, ko ta milimita 0.20 ba ta shiga da daɗi ba. Lissafin da aka saba shi ne wajen 0.004 na inci a kowane inci na faɗin silinda, a wannan injin ya kama milimita 0.35 da ɗan wani abu. In ka rufe shi a haka, ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe, bakin biyu su haɗu, sai ya kankare bangon silinda ko ya fasa kan fistin. Haka na zauna da magagari ina gogawa kaɗan kaɗan daga waje zuwa ciki, in goga in auna, in goga in auna. Wannan ban kira shi laifi ba, gara ya zo a matse da ya zo a sake, amma ai ko ƴar takarda sa saka a kwalin su faɗa.

Sai karanshaf, nan kuma gaskiya laifina ne kuma har na fara zagin masu kayan a raina. Na jera metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, na ɗaure kaf biyar ɗin da ke riƙe shi, na kama in juya, ƙam kamar an yi masa walda. Har na ɗauko dogon ƙarfe zan ƙara wa sifana ƙarfi sai maigidan da ya koya min aiki ya leƙo, na ce Oga ku duba min, metal ɗin nan ba saiz ɗinsa ba ne. Bai ce komai ba, ya sa tsumma ya goge kan kaf ɗin ya nuna min kibiya da ɗan yatsa, ɗaya tana kallon baya. Ya ce "kai yaro, abin da ya ƙi shiga da hannu magana yake maka, ajiye ƙarfen nan." Na juya kaf ɗin, karanshaf ya riƙa juyawa da hannu ɗaya. Duk da haka na sa zaren Plastigage kore, wanda ke auna tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf daga milimita 0.025 zuwa 0.076, na ɗaure na kwance ba tare da na juya ba, duka biyar suka faɗo wajen 0.04. Kenan metal ɗinsu ƙalau yake, na janye zagina.

To yanzu sarka. Na ɗora ta kan haƙoran sama da na ƙasa, makin ya yi daidai, amma tana lilo, tenshina, wato abin da ke matse sarkar, ta fito har ƙarshe kuma ba ta kama ta ba. Na cire na sake sawa ya fi sau uku ina zaton ni ne na sake yin shirme. Da na gaji sai na tono tsohuwar daga cikin bokitin tarkace na rataye su a ƙusa ɗaya, wallahi sabuwar ta fi tsawo ƙarara. Na ƙirga da alli, tsohuwa gaɓa 96, sabuwa 98.

Abin da tallar ba ta faɗa ba shi ne a 1985 an sake fasalin injin nan sosai, bulok ɗin ya ɗan gajarce, shi ya sa tof silinda da fistin da sarka da murfinta na kafin shekarar ba sa hawa na bayanta. Suna ɗaya, kaya biyu. Nawa na bayan canjin ne, su kuma sun haɗo min fistin na bayan canjin da sarkar farko a kwali ɗaya, ban san wa ya yi wannan haɗin gambizar ba. Kuma kar ka dogara da shekarar mota, tsofaffin nan yawanci an sha canza musu inji, ka duba ramin fitar hayaƙi a tof silinda, na farko zagaye yake, na baya kuma gefe ɗaya ya fi faɗi.

Na tura musu saƙo, kwana biyu shiru, sannan suka ce in turo hoto, na tura sarƙoƙin biyu a rataye. Ba su yi gardama ba, suka aiko mai 96 kyauta, sai dai injin ya kwana tara a buɗe lulluɓe da leda ina fargabar ƙura.

Tauraro uku nake ba su cikin biyar. Zan iya sake saye, amma ranar da kwalin ya iso zan zazzage shi gefen tsofaffin kayan in gwada ɗaya bayan ɗaya kafin in taɓa noti. Na leƙa tallar tasu ɗazu, har yanzu 1981 zuwa 1995 ɗin na nan ba su gyara ba.