Gargaɗi ga ɗalibai da iyaye: gurbin horo a NASA da ake tallatawa a WhatsApp damfara ce

Jama'a, a ja kunnen yaranmu da ke jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Akwai saƙon da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram na ɗalibai, wai hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana neman ɗaliban Afirka su je horon sanin makamar aiki, da tikitin jirgi da masauki da alawus a dala. An liƙa tambarin nan mai launin shuɗi da jan layi, ga hoton ɗan sama jannati a gefe, a ƙasa kuma an ce a hanzarta, gurbi ya kusa cika. Ƙarya ce tsagwaronta.

Da ka danna, fom zai buɗe: suna, hoton fasfo, lambar waya, lambar NIN, wasu har da BVN. Kafin fom ya tafi sai an sa ka tura saƙon zuwa wasu zauruka, shi ya sa yake zuwa daga hannun abokin da ka yarda da shi, shi ma bai san me yake yaɗawa ba. Bayan kwana biyu sai ga takardar taya murna da hatimi da sa hannu. Kowa ana ɗauka, har wanda ya cike fom ɗin da shirme. Daga nan sai kuɗin tantance takardu, ɗan kaɗan, wanda ɗalibi zai iya yankowa daga kuɗin abincinsa ba tare da ya faɗa a gida ba. Idan ka biya wannan sun gane ka shiga hannu. Sai kuɗin gwajin lafiya, sai na inshora, sai babban, na biza, wanda shi ne ke kai yaro gaban mahaifiyarsa har ta sayar da tunkiyarta. Ka duba sunan asusun da ake turawa: sunan wani mutum ne a bankin waya. Ka duba adireshin imel ɗin: gmail ne, ko wani dogon suna da aka cusa kalmar nasa a tsakiya. Shafin hukumar na gaskiya nasa.gov ne, kuma wannan ƙarshen na .gov hukumomin gwamnatin Amurka kaɗai ake ba.

Babban abin da ke tona asirinsu shi ne sharaɗin NASA ɗin kanta. Horon da take biyan ɗalibai alawus a kansa na 'yan ƙasar Amurka ne, masu shekara 16 zuwa sama, masu matsakaicin makin karatu (GPA) aƙalla 3.0 cikin 4.0, kuma ba a biyan ko sisi wajen nema. Akwai wani tsari daban na ɗaliban ƙetare, amma ta hanyar yarjejeniya tsakanin NASA da hukumomin wasu ƙasashe yake tafiya. Hukumar ƙasarka ce za ta zaɓe ka, ita ce kuma ke ɗaukar nauyi. Babu wani wakili a tsakani da ke karɓar kuɗi ta waya. Idan wani ya kafa maka hujja da cewa ai Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis a Disambar 2022, gaskiya ne ta sa, amma yarjejeniya ce kan ƙa'idojin binciken wata da sararin samaniya cikin lumana, ba rabon gurbin horo ba. Biza kuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas ne ke bayarwa, ba mai lambar WhatsApp ba.

Abin takaicin, ƙofofin da suke buɗe da gaske kyauta ne, ba mai tallata su ne kawai. Gasar Space Apps, ta warware matsaloli da bayanan NASA, da hukumar ta fara a 2012 ana yin ta kowace shekara, kwana biyu, kowa daga ko'ina yana iya shiga ta intanet ko a garin da aka shirya zama. Akwai manhajar GLOBE Observer, inda za ka ɗauki hoton gajimare ko ka ba da rahoton ruwan da sauro ke hayayyafa a ciki, bayanan su shiga hannun masu bincike. Aikin sa kai ne, ba albashi, ba tafiya Amurka, amma abu ne da za ka iya rubutawa a takardar neman aiki ba tare da kunya ba.

A gida ma muna da tamu hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta na Lugbe a kan hanyar filin jirgin Abuja, tana da cibiyoyi a Jos da Toro ta jihar Bauchi da Nsukka. Mai son yin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a can ya karɓi wasiƙa daga ofishin SIWES na makarantarsa ya kai da kansa. Duk wanda ya ce ka ba shi na goro ya samo maka gurbi, ka fara tambayar jami'in makarantarku.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya je bankinsa yau ɗin nan da shaidar turawar, ya nemi a kai ƙorafi ga bankin da ya karɓa, sannan ya kai rahoto EFCC. Kada ya goge hirar, ya ɗauki hotonta kafin su toshe shi. Wanda ya ba da BVN ko lambar sirrin da aka turo masa ta waya, ya sauya lambar katinsa, ya kuma sa ido, don da irin waɗannan bayanan ake cin bashi a manhajoji da sunan mutum, sai ranar da masu bin bashi suka fara kiran 'yan'uwansa sannan ya sani.