Berlin ko Greifswald: amsa ga Daktanmu na Vom

Dakta, ka ce an ba ka gurbin aiki biyu a Jamus kan cututtukan dabbobi, ɗaya a Berlin, ɗaya a Greifswald da ke bakin teku a arewa maso gabashin ƙasar, kuma 'yan'uwa a Jos suna ta cewa wa zai bar babban birni ya tafi ƙauye. Na yi shekara uku a wani ƙaramin gari na gabashin Jamus kafin in dawo gida, bari in gaya maka abin da na gani.

Kai da kake aiki a Vom, kusa da Jos, ka fi kowa sanin cewa ba girman gari ake dubawa a wannan sana'a ba. Tun 1924 cibiyar binciken dabbobi take can, ba Legas ba, ba Kaduna ba. To haka Greifswald take. Mutanenta kusan dubu 60 ne kacal, amma a gefenta akwai tsibirin Riems, inda masanin ƙwayoyin cuta Friedrich Loeffler ya kafa cibiyarsa ta binciken cututtukan dabbobi a 1910. Dalilin kai ta tsibiri ma shi ne boru, ciwon baki da kofaton shanun nan, ya riƙa tsallakawa daga gwaje-gwajensa zuwa garken manoma. Har yau can ake gwajin ƙwayoyin cuta masu haɗari a jikin manyan dabbobi. Berlin tana da cibiyar Robert Koch tun 1891, sai dai ƙarfinta yana kan lafiyar ɗan Adam. In shanu da kaji ne a ranka, Riems ta fi dacewa da kai.

Batun kuɗi gajere ne. Cibiyoyin gwamnati suna biyan albashi bisa tsari ɗaya, ko a ina kake. Haya ce ke raba su. A Berlin sai ka yi watanni kana neman ɗaki, a Greifswald kuma keke ya ishe ka zirga-zirgar cikin gari.

Inda Berlin ta yi wa Greifswald fintinkau shi ne zaman yau da kullum, kuma kada ka raina wannan. Masallatai da yawa, naman halal a shagunan Turkawa, manja da garin rogo a shagunan 'yan Afirka, ga ofishin jakadancin Najeriya in fasfo ya ƙare. Daga Greifswald kuwa sai ka yi awa biyu da rabi zuwa uku a jirgin ƙasa kafin ka isa Berlin ka samu waɗannan a wadace. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk suna riskarka a wurin aiki, kuma sanyin bakin teku ya sa hunturun Jos ya zama wasan yara. Kai kana da abokan aiki masu jin Turanci. Uwargida fa? In ba ta jin Jamusanci, kaɗaici zai iya cinye ta a cikin ɗaki. Sannan jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi tana da ƙarfi a wannan yankin, gara ka sani tun kana gida.

Da ni ne, Greifswald zan zaɓa, in tafi ni kaɗai na wata shida, in nemi gida da gurbin renon yara, iyali kuma su fara koyon Jamusanci tun suna Jos kafin su biyo ni bayan sanyi ya wuce. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.