Khal ɗin Modena: wace kwalba ce ta cancanci kuɗinka?

Modena da ke arewacin Italiya ba babban birni ba ne, amma ya tara abin faɗa. Babban cocinsa, wanda aka aza harsashinsa a 1099, da doguwar hasumiyar Ghirlandina suna cikin kayan tarihin da UNESCO ta amince da su tun 1997. A nan aka haifi mawaƙi Luciano Pavarotti, a nan aka haifi Enzo Ferrari mai motoci. Sai dai hasumiya ba ta shiga jaka, don haka tsarabar baƙo ita ce baƙin khal ɗin nan da suke kira balsamiko. A nan ne kuma ake rikita mutum: ka shiga kasuwar Albinelli ka tarar da ƙatuwar kwalba ta 'yan Yuro kaɗan, ga wata 'yar mitsitsiya a gefenta ana neman Yuro 100, alhali duk sunan Modena ne a jikinsu.

Mai tsadar ita ce ta gargajiya, kuma za ka gane ta da kalmar Tradizionale da hatimin DOP, wato tambarin Tarayyar Turai da ke tabbatar da asalin kaya da yadda aka yi su. Ba a zuba mata komai sai ruwan inabi da aka dafa har ya yi kauri. Ana ajiye shi a jerin gangunan katako, daga babba zuwa ƙarami, kowace ganga da irin itacenta, a can saman gida ƙarƙashin rufi, inda zafin bazara da sanyin hunturu ke dukansa. Sau ɗaya a shekara ake ɗiban kaɗan daga ƙaramar ganga, a cike gurbin daga ta gaba da ita, haka har a kai ga babbar. Sai ya shekara 12 ake yarda a sayar, wanda ya kai 25 kuma shi ake rubuta wa Extravecchio, da murfi ruwan zinari. Sunan balsamiko ya fara bayyana ne a 1747 cikin littafin rumbun sarakunan gidan Este masu mulkin Modena a lokacin, kuma a da idan aka haifi 'ya mace akan kafa mata nata jerin gangunan, ta tafi da shi gidan miji, kamar dai kayan ɗaki a wajenmu.

Kwalbar kanta shaida ce. Iri ɗaya ce tak ga duk masu yi, mai zagayen ciki a kan gindi mai kusurwa huɗu, tana cin mililita 100, kuma Giorgetto Giugiaro, wanda ya zana motar Golf ta farko, shi ya zana ta. In ka ga Tradizionale na Modena a wata kwalba daban, ajiye ta ka wuce. Wannan ba khal ɗin girki ba ne. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa a kan cuku, ko gasasshen nama bayan an sauke, ko 'ya'yan itace. Ka karkata cokali ka ga yana tafiya a hankali kamar zuma, zaƙin ya riga tsamin isa harshe. Wanda ya zuba shi a tukunya ya ƙona kuɗinsa.

Ta biyu, mai hatimin IGP, wani tambarin asali mai sassaucin sharuɗɗa, ita ce ta cika shaguna har a wajen Italiya. Haɗi ne na dafaffen ruwan inabi da khal ɗin inabi, an kuma yarda a ƙara ɗan ƙonannen sukari don launi. Kwana 60 sun isa a fitar da ita, in ta kai shekara 3 a ganga sai a rubuta invecchiato. A cikin wannan aji akwai na ƙwarai, akwai ruwa-ruwa mai kartar maƙogwaro, kuma hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: juya bayan kwalba. In kalmar mosto, wato ruwan inabi, ce a farkon jerin kayan haɗi, za ta yi kauri da zaƙi, in kuwa aceto di vino, wato khal ɗin inabi, ce a gaba, tsami zai fi yawa. A ganina, ga mai son abin sa wa kwaɗon ganye ko jiƙa nama kullum, IGP mai shekara 3 wadda mosto ke gaba ta fi kowace riba.

Akwai kuma kwalaben da aka rubuta wa condimento ko glassa. Na farkon ba shi da tsayayyiyar doka, wani gidan kan sayar da mai kyau ƙwarai da wannan suna, wani kuma kwalliyar kwalba ce kawai, don haka kada ka saya sai ka ɗanɗana. Glassa kuwa yawanci sitaci da sukari ne suka ba ta kaurinta, ba shekaru ba.

Ga musulmi, tunda khal ɗin inabi yana bi ta matakin giya kafin ya tsame, malamai sun yi bayani a kai, mai shakka sai ya tambayi malaminsa kafin ya buɗe aljihu. Abin da babu shakka a kansa shi ne sauran abincin garin: tortellini da zampone da cotechino duk akwai naman alade, gurasar gnocco fritto kuma bisa al'ada da kitsensa ake soya ta, don haka ka tambaya kafin a ɗiga maka khal a kan wani abu da sunan ɗanɗano. In kuma ta gargajiyar ka zaɓa, mililita 100 ɗin nan daidai take da abin da ake bari a jakar hannu a yawancin filayen jirgi, babbar kwalbar IGP ce za ka naɗe da riga ka tura cikin akwati.