Yini guda da mai jirgin haya a tafkin Giranada: dala 500, kifi 17, da Kawun da ya ƙi kallon allo

Kawuna masunci ne ɗan masunci. A Yauri aka haife shi, ya haura shekara 60, amma har yau in ya watsa birgi sai ka ce tabarma ya shimfiɗa a kan ruwa. Da ya zo wurinmu a Memfis ta Amurka don a duba masa ido, bai cika wata guda ba ya fara mita: ga kogin Misisifi na wucewa ta bayan gari, a ce kifin da za a ci sai wanda ya kwana uku a firji? Mitar nan ce ta sa na shiga intanet na nemo mai jirgin da ke ɗaukar mutane haya ya kai su kamun wani kifi da mutanen nan ke rubutawa "crappie", ni kuwa bakina ya fi sabawa da kirafi. Mun je tafkin Giranada da ke jihar Misisifi a tsakiyar Afrilun 2025, kamar mako biyu bayan Ƙaramar Sallah.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, kirafi faffaɗa ne kamar karfasa, sai dai ya fi ta girman baki da hasken jiki. Iri biyu ne. Farin yana da zane-zane a tsaye da ƙaya biyar ko shida a gadon baya, baƙin kuma ɗigo-ɗigo ne da ƙaya bakwai ko takwas. Farin ne ya fi yawa a Giranada, domin shi bai damu da gurɓataccen ruwa ba, ruwan tafkin kuwa kalar shayi mai madara ne. Injiniyoyin sojan Amurka suka gina madatsar a kan kogin Yalobusha, aka gama a 1954, don tare ambaliya ba don kifi ba. Lokacin sanyi ana rage ruwan, da bazara ya dawo ya shanye kututtura da ƙananan bishiyoyi, nan kirafi ke shiga ya yi ƙwai. Tafkuna huɗu ne irin wannan a jere a arewacin jihar Misisifi: Arkabutla, Sardis, Inid da Giranada. A Inid aka kama farin kirafin da har yau ba a samu wanda ya fi shi ba a duniya, fam 5 da oza 3, wato kilo 2.35, tun 1957.

Kuɗin dala 500 ne mu biyu, na ba da 100 kafin alƙalami. Jirgi, mai, sanduna da koto duk na mai jirgin ne. Lasisin kamun kifi na baƙi ni na saya mana ta waya tun daren jiya, kuma ya kyauta da ya tuna mini, don ba ya cikin kuɗin. Mun bar gida ƙarfe huɗu da rabi, muka yi asuba a wani gidan mai kusa da Batesbil, shida da 'yan mintuna muna bakin ruwa.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai, don shi ya fara zuwa. A gaban jirgin akwai allo haɗe da na'urar LiveScope ta kamfanin Garmin, wadda ta fito a 2018 ta juya harkar kirafi gaba ɗaya. Sauti take turawa cikin ruwa ta nuna maka abin da ke gaban jirgi yana motsi a take: ga kututture, ga kifi a maƙale gefensa kamar ɗan farin ƙwallo, ga kotonka na sauka. Abin mamaki ne, ba na musu. Amma awa biyun farko mai jirgin ya mayar da mu hannuwansa ne kawai. Idonsa na kan allo, ƙafarsa na kan ƙaramin injin lantarki, bakinsa na ba da umarni: sauke, ƙara, tsaya, ɗaga! Na kama uku a haka ban san abin da na yi daidai ba. Da na tambayi dalilin wani abu sai ya ce bari mu kama wannan tukuna. Wanda ya biya don ya cika kwando zai ji daɗi. Ni na zo ne in koya.

Kawu dai tun a mintin farko ya juya wa allon baya. "Kai ɗan nan, gaya masa ni ban zo kallon talabijin ba," in ji shi. Ban fassara duka ba.

Wajen tara iska ta taso daga kudu, jirgin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai mai jirgin ya ce mu koma salon da suke kira gizo-gizo. Daga nan ne kuɗina ya fara fita. An jera sanduna takwas a goshin jirgin, kowace ƙafa 14, sun baje kamar ƙafafun gizo. Huɗu nawa huɗu na Kawu, domin doka a tafkin ba ta yarda mutum ɗaya ya wuce sanda huɗu ba, kowace kuma ƙugiya biyu. A kowane zare akwai dalma da ke riƙe shi a miƙe, da 'yan ƙananan kifaye masu rai a matsayin koto. Jirgin na tafiya a hankali ƙwarai, ko rabin mil ba ya yi a awa, muna bin gefen tsohuwar hanyar kogin Sikuna da ruwa ya binne. Da yake babu sauri, mutumin ya saki jiki ya fara bayani, kuma ashe ya iya.

Abu na farko, kirafi sama yake kallo. Yana ɗagowa ya ɗauki abinci, da wuya ya sunkuya. In kifin na ƙafa takwas, kotonka ya tsaya a bakwai ko shida da rabi. Ka sauke shi ƙasa da kifin, ka yini kana addu'a. Shi ya sa da farko ya saita sandunan a zurfi daban-daban, da biyu suka kama a ƙafa shida sai ya mayar da sauran can.

Na biyu, kuma wannan Kawu ne ya riga ni gani, ba kullum kan sanda ke lanƙwasa ba. Tunda kifin daga ƙasa yake tasowa, wani lokaci yana ɗauke nauyin dalmar ne, sai kan sandar ya ɗan miƙe, zaren ya saki. Ni ina jiran a fizge, Kawu ya miƙa hannu ya ɗaga sandata ta uku, sai ga kifi. Mai jirgin ya dube shi da kyau a karon farko, ya tambaye ni wai a ina dattijon ya koyi wannan. Na ce a kogin Kwara, tun kafin a haife mu ni da shi.

Na uku shi ne inda na sha kunya. Hannuna ya saba da tarwaɗa, wadda sai ka fizga da ƙarfi ƙugiya ta shiga. Kirafi kuwa fatar bakinsa sirara ce har suna masa laƙabi da bakin takarda. Manya biyu na yaga wa baki suka tafi ina kallo. Ɗagawa ake yi a hankali, a bar zaren a miƙe kar ya saki, a jawo shi saman ruwa a sa koma a kwashe. Kada ka ce za ka cilla babba cikin jirgi da sanda.

Bayan azahar, wadda ya tsaya mana a gaɓa muka yi ba tare da ya ɗaure fuska ba, rana ta ɗumama ruwan gefe, ya kai mu cikin bishiyoyin da ruwa ya shanye, zurfin bai fi ƙafa uku ba. Ma'aunin zafin ruwa na nuna 62 a lissafinsu, kusan 17 a namu, daidai lokacin da mazan ke share gurbi suna gadin ƙwai, jikinsu ya yi duhu. Nan babu allo babu komai. Sanda ɗaya, da ƙugiya mai kan dalma sanye da 'yar jelar roba, baƙi da ruwan ɗorawa mai haske don kifi ya gani a cikin laka. Kana zura ta tsakanin rassa, ka riƙe ta cik, ka ƙirga zuwa goma, in shiru ka matsa rami na gaba. Kuskuren sabon shiga shi ne yawan kaɗa ta. Kawu ya kama huɗu a cikin minti arba'in, har da babban kifin ranar, fam 2 da oza 4, kilo guda kenan da ɗan ɗoriya. Wannan sa'ar ita ce mafi daɗi a tafiyar, kuma ita ce wadda ba ta buƙatar jirgin dubban daloli.

Rigima ta tashi a kan allon awo. A waɗannan tafkuna sai kifi ya wuce inci 12, kusan santimita 30, za ka riƙe shi. A 2024 hukumar namun daji da kifi ta jihar ta rage adadin da mutum zai ɗauka a rana daga 15 zuwa 10, kuma yawaitar na'urorin nan masu nuna kifi na cikin dalilan. Mun mayar da fiye da goma ruwa. Duk lokacin da mai jirgin ya ɗora kifi a kan awo ya girgiza kai ya jefa, sai Kawu ya yi salati. Wani mai inci 11 da rabi ma sai da ya bi shi da ido har ya nutse, ya ce wannan a kasuwar Yauri da an yi ciniki. Amma a hanyar dawowa, bayan dogon shiru, shi da kansa ya ce rabonsa da ganin kifi masu girma ɗaya da yawa haka tun yana saurayi, kafin taru mai ƙananan idanu ya cika ruwa.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma gara a sani. An rubuta awa takwas, muka baro ruwa bayan awa shida da rabi, ashe gyaran kifi na cikin lissafi. Hotunan da ke shafinsa duk na masu fam uku ne, mu ko ɗaya ba mu gani ba, kuma da na matsa ya amsa cewa waɗannan an fi samunsu a Maris kafin matan su zubar da ƙwai. Ba a faɗa mini ana sa ran tukuici ba sai da na ga na jirgin kusa da mu na miƙawa, na ƙara dala 60. Sannan gyaran kifin: wuƙar lantarki ya sa ya zare tsoka gefe biyu, ya tura kai da ƙashi cikin bokitin shara. Kafin in ankara uku sun tafi. Kawu ya riƙe masa hannu. Sauran 14 da kawunansu muka taho da su, mutumin na ta mamaki me za mu yi da kai. In za ka je, ka faɗa tun da safe cewa ɗungurungum kake so.

Naman fari ne tas, mai laushi, ba ƙarni. A farfesu yana saurin dagargajewa, sai an sa shi a ƙarshe. Soyayye da yaji ya fi karfasa, ko da yake Kawu bai yarda ba.

Zan sake biya? Sau ɗaya ya isa, kuma ban yi da-na-sani ba. Ga wanda bai san tafkin ba, dala 500 ta sayi abin da zai yi shekara yana lalube. Amma ka gaya wa mai jirgin tun a waya cewa koyo kake so ba cika kwando ba, ka nemi gizo-gizo da kamun cikin bishiyoyi, allon ya zo daga baya. Ni dai na sayi sanda mai ƙafa 12 da takalmin roba mai kaiwa ƙirji, duka ba su kai dala 150 ba, kuma Sardis ya fi kusa da Memfis. Kawu ya koma gida da ledar jelolin roba guda hamsin a cikin jakarsa, ya ce zai gwada su a kan 'ya'yan giwan ruwa a ƙasan Kainji. Har yanzu bai kira ya ba ni labari ba, abin da ya sa nake zargin sun yi aiki.